Kunya da Kujerar Matuƙin Jirgi

Duk wanda ya tashi a Garwa ya saba da rugugin jirgin sama. Ga filin jirgi na ƙasa da ƙasa, ga sansanin sojan sama. Amma sau nawa muka zaunar da ɗanmu muka nuna masa hanyar kujerar matuƙi?

Hanyar sananniya ce. Lasisin tuƙin jirgin kasuwanci yana buƙatar kimanin awa 200 a sararin sama. Daga nan matashi zai fara a kujerar dama a matsayin mataimaki, ba kuma zai samu babban lasisin da ke kai shi kujerar kyaftin ba sai ya tara awa 1,500. Faransancin makaranta kaɗai ba ya isa, domin hukumar ICAO ta shardanta Turanci har mataki na 4.

Sai dai akwai gaɓar da ta fi damunmu, wato ganawar ɗaukar aiki. Ko a Camair-Co da ta fara jigila a 2011, ko a wani kamfani, bayan tambayoyin fasaha da gwaji a na'urar kwaikwayon tuƙi, akan so a ji abu guda: in kyaftin ya yi kuskure, me za ka yi?

Tambayar tana da tushe. A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ya fara tashi ba tare da izini ba, injiniyansa ya nuna shakka, aka ture maganarsa. Tun daga nan aka shiga koya wa ma'aikatan jirgi cewa dole ƙarami ya yi magana, babba kuma ya saurara.

Mu kuwa mun raini 'ya'yanmu a kan sunkuyar da kai gaban manya. Kunya ado ce, ba ma neman a yar da ita. Amma yaron da ya yi shiru a gaban masu ganawa, za su ɗauka haka zai yi ranar da rayuka ke hannunsa.

Maganin yana cikin gidanmu. In liman ya yi mantuwa a salla, na bayansa ne ke tunatar da shi, ba wanda ke kiran hakan rashin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu bar yaranmu su koyi faɗin gaskiya cikin ladabi tun daga zaure, kafin ranar da za a tambaye su a Duwala.