Kundin da Ya Riƙe Muryar Florence Ballard, Ya Sauke Sunanta

A watan Agustan 1967 kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka ya tattara fitattun waƙoƙin ƙungiyar The Supremes guda 20 a kan faifai biyu, ya sa a kasuwa. Ba a jima ba kundin ya hau saman jadawalin Billboard. Sai dai mai saye da ya duba bangon da kyau zai ga sabon abu: an rubuta sunan Diana Ross a gaba, ƙungiyar ta biyo baya. Makonni kaɗan kafin nan an sallami Florence Ballard, wadda da ita aka kafa ƙungiyar, kuma ita ta zaɓi sunan da ƙungiyar ta shahara da shi. Muryarta na cikin waƙoƙin, amma mai muryar tana gida.

Kundin fitattun waƙoƙi amintaccen shaida ne a kan ingancin waƙa. A kan tarihin waɗanda suka yi ta kuwa, shaidarsa tana buƙatar bincike, domin kamfani ne ke zaɓar abin da zai shiga da sunan da zai fito.

'Yan matan sun taso ne a rukunin gidajen Brewster-Douglass, waɗanda gwamnati ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi a Detroit. Sun fara waƙa a 1959 da sunan Primettes, suka ƙulla yarjejeniya da Motown a 1961. Daga 1962 suka rage saura uku: Ballard, Ross da Mary Wilson. Shekara kusan uku suna fitar da waƙoƙin da ba su yi kasuwa ba, har ma'aikatan kamfanin suna yi musu ba'a. A lokacin suna karɓa-karɓa wajen jan baki. Sai mai kamfanin, Berry Gordy, ya yanke cewa Ross ce za ta riƙa ja, sauran biyun su yi amshi.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa a ma'aunin ciniki Gordy ya yi daidai. Muryar Ballard tana da kauri da ƙarfi, ta Ross kuwa siririya ce mai taushi, tana fita tangaran daga ƙaramar rediyon mota, kuma ta shiga kunnen Turawan Amurka da ba su saba sayen faifan baƙar fata ba. Daga "Where Did Our Love Go" a 1964, waƙoƙinsu biyar a jere suka zo na ɗaya a ƙasar. Kafin ƙarshen 1969 sun kai 12. Wannan ya faru ne a shekarun da aka sa hannu kan dokar 'yancin jama'a ta 1964. Ganin 'yan mata uku baƙar fata cikin ado da natsuwa a shirin talabijin na Ed Sullivan ya yi tasirin da ba a auna shi da kuɗi.

To amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Goma daga cikin waƙoƙi 12 ɗin nan mutum uku ne suka tsara su: Lamont Dozier da 'yan'uwan juna Brian da Eddie Holland. Kiɗan kuwa aikin makaɗan ɗakin ɗaukar sauti ne da ake kira Funk Brothers, cikinsu har da James Jamerson mai jita mai kaurin amo da Benny Benjamin mai ganga. Motown ba ta saba buga sunayensu a bangon faifai ba sai a 1971. Cholly Atkins ya koya wa 'yan matan takun rawa, Maxine Powell ta koya musu zama da tashi da magana a gaban jama'a. Gordy ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma a kan wannan tsari ya gina kamfaninsa: kowa da nasa sashe, kaya su fito da tambari ɗaya.

Irin wannan tsari yana da lahani: duk sashen da ya ba da matsala ana iya cire shi a sa wani. Ballard ta ji zafin mayar da ita baya, ta shiga shan giya, ta riƙa saɓa alkawarin wasanni. Aka ɗauko Cindy Birdsong ta maye gurbinta. Ballard ta kai kamfanin ƙara a kan haƙƙinta, ba ta yi nasara ba. Ta rasa gidanta, ta koma rayuwa da tallafin gwamnati, ta rasu a watan Fabrairun 1976 tana da shekara 32, alhali ana ta juya faifan da ke ɗauke da muryarta. Dozier da 'yan'uwan Holland su ma sun bar Motown bayan saɓani a kan rabon riba. Waƙar ƙarshe da ta zo na ɗaya da sunan ƙungiyar, "Someday We'll Be Together" ta 1969, ba Wilson ba Birdsong a cikinta. Wasu mawaƙa ne suka yi wa Ross amshi. A nan suna ya rabu da masu shi baki ɗaya.

Mai ja zai ce ai mai sauraro daɗi ya zo nema, ba shari'a ba. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a daina jin waƙoƙin. Minti uku-uku ne da aka ƙera da gwaninta, ba su tsufa ba. Amma sunan da ke kan bango shi ke jan kuɗi da daraja har bayan mutuwa. Mary Wilson ta fahimci haka, shi ya sa ta shafe shekaru tana fafutukar ganin jihohin Amurka sun kafa dokokin hana wasu yin wasa da sunan ƙungiyar da ba su taɓa zama cikinta ba.

A yau da ake jin waƙa ta manhajar waya, inda hoto ɗaya da suna ɗaya ke fitowa a allo, mantuwar ta fi sauƙi. Abin da ya kamaci mai sauraro ƙarami ne: ya kasa kunne ga muryoyin da ke amshi a bayan Diana Ross, ya san cewa a waƙoƙin 1964 zuwa tsakiyar 1967 masu su Mary Wilson ne da Florence Ballard, kuma ya kira su da sunayensu.