A DAINA MAI DA GARKEN MAKARANTA WURIN HUKUNCI

Maganar da nake so in yi da ku, ɗalibai da malamai da iyayenmu na ikilisiya, ta shafi wani wuri ne da kowa ya sani amma ba mai son a aike shi can, wato garken makaranta.

A makarantun kwana irin tamu, idan yaro ya makara zuwa sujadar safe, ko ya yi faɗa a ɗakin cin abinci, ko aka kama shi yana barci lokacin karatun dare, abin da aka saba shi ne a miƙa masa lauje ya je ya yanko wa awaki ciyawa, ko a ba shi shebur ya kwashe kashin dabbobi. Da haka muka koya wa yaranmu cewa zama kusa da dabba wulaƙanci ne. Ra'ayina shi ne mu bar wannan al'ada. A raba garke da hukunci, a haɗa shi da ofishin ba da shawara, domin sau da yawa yaron da ya fi yawan shan hukunci shi ne ya fi bukatar abin da dabba za ta iya yi masa.

Bari mu dubi ko su wane ne yaran nan. Wani ya rasa mahaifinsa ana tsakiyar zangon karatu, ya je jana'iza ya dawo bayan kwana uku, aka ce masa ya yi haƙuri, shi ke nan. Wata iyayenta sun rabu, ba ta ma san gidan da za ta nufa in an yi hutu ba. Akwai kuma waɗanda tashin hankali ya raba da ƙauyukansu, musamman tun daga 2009 da rikici ya ɓarke a arewa maso gabas, sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ga shi kuma tarbiyyarmu ta hana yaro kallon babba ido cikin ido, balle ya buɗe masa cikinsa. Malamin ba da shawara zai zaunar da shi a ofis ya ce, "Me yake damunka?" Amsar dai ɗaya ce: "Ba komai, Malam." Sai damuwar ta nemi wata ƙofa, ta fito ta wajen faɗa, ko shiru, ko fitsarin kwance, ko faɗuwa jarrabawa.

Neman taimakon dabbobi wajen jinyar zuciya ba sabon abu ba ne, kuma Kiristoci suna cikin waɗanda suka fara shi. A 1796 wani mutum mai suna William Tuke, ɗan ɗariƙar nan ta Quaker, ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a birnin York na ƙasar Ingila. A zamanin da ake ɗaure irin waɗannan marasa lafiya da sarƙa, su a gidansu sai aka saki zomaye da kaji a farfajiya domin majiyyata su saba da su. A 1867 aka kafa wani gidan Kirista mai suna Bethel a Bielefeld ta ƙasar Jamus domin masu farfaɗiya, inda aikin gona da kiwo suka zama wani sashe na zaman yau da kullum. A Amurka kuma akwai makarantar Green Chimneys a jihar New York, wadda aka kafa a 1947, inda yara masu damuwa suke karatu suna kuma kula da dabbobin gonar makaranta.

Wanda ya shigo da maganar cikin ilimin zamani wani masanin halayyar yara ne a New York, Boris Levinson. An kawo masa wani yaro da ya ƙi yi wa kowa magana, aka yi dace karensa mai suna Jingles yana cikin ofis. Yaron ya fara wasa da karen yana yi masa magana, a hankali a hankali har ya yarda ya yi magana da likitan. Da Levinson ya kai wannan labari gaban taron masana a 1961 wasu suka yi masa dariya, amma bai fasa ba, ya buga bayaninsa a 1962.

Ta fannin doki, labarin ya yi ƙarfi ne saboda wata mata 'yar ƙasar Denmak, Lis Hartel. Cutar shan inna ta kama ta a 1944 tana da shekara 23, ta shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. Duk da haka ta koma kan sirdi, ta ci lambar azurfa a gasar sarrafa doki ta wasannin Olamfik a Helsinki a 1952, ta sake ci a 1956, alhali sai an kama ta take hawa da sauka. Nasararta ta ƙarfafa masu koya wa naƙasassu hawan doki, har aka kafa manyan ƙungiyoyin wannan aiki a Ingila da Amurka a 1969. Daga baya, a 1999, aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna EAGALA wadda tsarinta ba ya bukatar a hau dokin sam. Mutum yana ƙasa, a ba shi aiki kamar ya sa wa doki ragama ko ya bi da shi ta wata hanya, mutum biyu suna lura da shi: mai ba da shawara da masanin doki. Wannan tsari shi ya fi kama da abin da za mu iya yi.

To, mene ne sirrin? Doki dabba ce da namun daji suke farauta, saboda haka Allah ya halicce shi da lura ƙwarai. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da yake kewaye da shi, kuma yana karanta motsin jikin wanda ya nufo shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ashe doki ma ya san haka. A 2016 masana a Jami'ar Sussex ta Ingila suka nuna wa dawakai 28 hotunan fuskokin mutane, wasu suna murmushi wasu sun murtuke, sai bugun zuciyar dawakan ya fi saurin tashi in sun ga fuskar mai fushi. Ke nan yaron da ya shigo garke a fusace zai ga dabba ta ja da baya, in kuma ya kwantar da hankalinsa ya sassauta murya, sai ta matso. Ba wanda ya yi masa wa'azi, shi da kansa ya ga abin da fushinsa yake yi wa na kusa da shi.

Ban da wannan, dabba ba ta san matsayin yaro a aji ba, ba ta san an kori babansa daga aiki ba, ba ta kai tsegumi ɗakin kwana. Tana kuma bukatarsa. Yaron da kullum ake ce masa ba shi da amfani, in ya ga tunkiya tana kuka da ta hango shi da bokitin ruwa, ya sami dalilin tashi da asuba. Magana kuma ta fi sauƙin fita in hannu yana aiki, ido yana kan dabba maimakon fuskar malami. Yaro zai iya cewa, "Malam, wannan ɗan akuyan ba ya cin abinci tun da aka sayar da uwarsa." Malami mai hikima ya san ba ɗan akuya kaɗai ake nufi ba.

Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Musa yana kiwon garken surukinsa Yetro ne Allah ya kira shi. Dawuda a bayan tumakin ubansa ya koyi ƙarfin halin da ya fuskanci Goliyat da shi. Da Dawuda ya yi babban zunubi, Annabi Natan bai fara da zargi ba. A 2 Sama'ila sura 12, labari ya ba shi na wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak da ta girma tare da 'ya'yansa, wani mai arziki ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Zuciyar tsohon makiyayi ta motsa saboda 'yar tunkiya, ta nan gaskiya ta sami hanyar shiga.

Sai dai kada mu zuzuta abin fiye da kima. Akwai bincike mai ƙarfafa zuciya: a 2015 aka buga sakamakon wani gwaji a jihar Kolorado ta Amurka a kan yara fiye da 100 masu lalurar otizim, wadda take wahalar da yaro wajen cuɗanya da mutane. Waɗanda suka yi mako 10 suna koyon hawan doki sun fi sauran samun raguwar saurin fushi da rashin natsuwa. Amma a 2014 wasu masana a Amurka sun bi diddigin bincike 14 a kan jinyar taɓin hankali da dawakai, suka tarar kowanne yana da rauni a tsarinsa, suka kuma gargaɗi jama'a kada a ɗauki abin a matsayin tabbataccen magani. Saboda haka dabba ba likita ba ce. Aikinta ta buɗe ƙofa, shiga kuwa aikin malami ne da fasto da iyaye. Yaron da yake maganar kashe kansa, ko ya daina barci da cin abinci, asibiti za a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Na san wani zai ce, ina mu ina doki? Gaskiya ne, a wurinmu doki na sarakuna ne da masu hali, sai ranar hawan salla yawancinmu muke ganinsa, kuma harawa da dusa da kanwarsa kaɗai sun isa su girgiza asusun makaranta. Amma kada ana ga doki mu tsaya muna ga ƙura. Jaki ɗan'uwan doki ne, ya fi arha, ya fi juriya, kuma duk wanda ya taɓa jan jaki da ƙarfi ya san ba a samunsa sai da lallashi. Ga tumaki, ga awaki, ga zomaye. Wani kuma zai ce addu'a ta isa. Addu'a ita ce kan gaba, amma iyayenmu da suka gina majami'u ai su ne suka gina ɗakunan shan magani kusa da su, ba su kuwa ga saɓani tsakanin biyun ba.

Ga abin da nake roƙon hukumar makaranta ta duba.

Na farko, a cire aikin garke daga jerin hukunci. In za a hukunta yaro, akwai sharar fili da sauransu.

Na biyu, malamin ba da shawara da malamin aikin gona su haɗa kai su zaɓi yara kaɗan, da yardarsu da sanin iyayensu, a danƙa wa kowanne dabba ɗaya amana. A gauraya su da sauran masu sha'awar kiwo, domin kada garke ya zama tambarin "masu matsala". Kada kuma a tilasta wa kowa, gama akwai yaron da ganin wata dabba yake tuna masa da ranar baƙin ciki.

Na uku, malamin ba da shawara ya riƙa barin kujerarsa ko da sau ɗaya a mako ya je garke, ya kama aiki tare da yaron, ya yi tambaya a kan dabbar, ya kuma iya yin shiru.

Na huɗu, wannan kuwa babba ne, a tuna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Maraya da ya shaƙu da rago, ya dawo hutun Kirsimati ya tarar an yi miya da shi, an sake yi masa wani rashi ke nan. Dabbobin wannan aiki su zama waɗanda ba na yanka ba ne, kamar jaki da tumakin haihuwa. In dole ta sa a sayar, a faɗa wa yaron tun da wuri.

Na biyar, rigakafi ya fi magani. Likitan dabbobi ya riƙa dubawa, yara su wanke hannu da sabulu bayan aiki, kuma a koya musu kada su tsaya daidai bayan jaki ko doki, domin nan ne ba ya gani, in ya firgita sai harbi. Ko da yake da kare Levinson ya fara, ni ban ba da shawarar kare ba sai wanda aka yi wa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a cikinsu. Ita ma dabbar tana da hakki a kanmu. Karin Magana 12:10 ta haɗa adalcin mutum da yadda yake kula da dabbarsa.

Na shida, a riƙa rubuta abin da aka gani kowane zango: zuwa aji, yawan faɗa, sakamakon jarrabawa. In shekara ta zagayo aka ga ba amfani, sai a faɗi gaskiya a sake dabara.

Iyayenmu na ikilisiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata da ta maza za su iya haɗa kuɗin jaki ɗaya, manoma a cikinmu kuma su tuna da makaranta da damin harawa bayan girbi. Ku kuma ɗalibai, in kun ga ɗan'uwanku ya nufi garke da yamma, ku bar yi masa ba'a. Wanda zai iya, ya ɗauki bokiti ya bi shi.

Allah ya ba mu hikimar kiwon garken da ya danƙa mana, na mutane da na dabbobi. Amin.