Ƙwaƙwalwa, Ruhi da Na'ura: Ina Iyakar Kowannensu?

Bayan karatun magariba a masallacinmu da ke Mahuta, wani ɗalibi ya miƙo mana wayarsa yana cewa: "Allah gafarta Malam, wannan manhaja tana amsa tambayar fiƙihu nan take. Shin tana da hankali ne?" Tambayar ta cancanci amsa, domin tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 yaranmu suka fara ɗaukar maganar na'ura tamkar ta malami.

Mu fara da ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, masu aika wa juna saƙo ta hanyar lantarki da sinadarai. Wanda ya yi tunani a kan wannan, imaninsa ƙaruwa zai yi. Ilimin kuma yana da amfani a gidajenmu. Shi ya bayyana cewa farfaɗiya rikicewar lantarkin ƙwaƙwalwa ce, kuma tana da magani. Yaron da ke faɗuwa a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ko da zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ne, a jihar Sakkwato.

Daga kwaikwayon waɗannan ƙwayoyi aka gina ƙirƙirarriyar basira. A 1943 McCulloch da Pitts suka siffanta ƙwayar jijiya da lissafi, kuma a 2024 Hopfield da Hinton suka sami kyautar Nobel kan aikin da ya ɗoru a kan wannan tushe. Na'urar tana koyon jerin kalmomi daga tarin rubuce-rubuce, sannan ta hasaso kalmar da ta dace ta biyo baya.

To amma iya jera magana daban, kasancewa cikin hayyaci daban. Masana suna iya nuna sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki idan mutum ya ji zafi, amma har yau suna saɓani kan yadda wannan aiki yake zama jin zafin kansa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta a rataye cikin iska, ba ya gani, ba ya ji, ba ya taɓa komai, amma duk da haka ya san yana nan. Aya ta 85 a Suratul Isra'i kuwa ta mayar da al'amarin ruhi ga Ubangiji.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne: 'ya'yanmu su karanci ilimin ƙwaƙwalwa da na kwamfuta, su yi amfani da na'ura wajen bincike. Amma fatawa amana ce da ke buƙatar niyya da tsoron hisabi. Na'ura takan ƙirƙiro hadisin da babu shi, ta kawo shi da cikakken tabbaci, kuma ba ita za a tambaya ranar ƙiyama ba. Mu ne za a tambaya. Duk abin da ta faɗa maka a kan addini, ka kai shi gaban malami kafin ka yi aiki da shi.

Allah ne mafi sani.