A Juya Kan Keke Zuwa Shanga

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka, wadda na ga alamar 'yan bokonmu sun fara sha'awarta. Watau mutane su hau kekuna su yi tafiyar ɗaruruwan mil, masu hali kuwa su ba da kuɗi gwargwadon nisan da aka ci, a tara a taimaki masu wata cuta. Cikin cututtukan da ake yi wa wannan wahala har da wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SMA, mai kama yara ƙanana. Ni ban ƙi hawan keke ba, ban kuma raina ladan masu yinsa ba. Ai a 2022 Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan har Ikko domin yaƙi da shan inna, ya kuwa sa duniya ta waiwayo. Abin da nake faɗa da shi shi ne irin kwaikwayon da muka iya: a ɗinka riguna iri ɗaya, a zaga unguwar manya a babban birni, a ɗauki hoto, a yi jawabi da Turanci, a watse, a ce wai an wayar da kan jama'a. Wace jama'ar?

Bari mu fara da cutar kanta. A cikin lakar gadon baya akwai ƙwayoyin da ke aika wa tsoka umurnin motsi. Su ne shan inna ke ci, su ne kuma wannan cuta ke kashewa a hankali. Amma shan inna ɗauka ake yi, yana da rigakafi, har a 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayarsa daga Afirka. Ita kuwa wannan gado ce, kamar sikila. Uwa da uba suna nan garau, amma kowannensu na ɗauke da ƙwayar gado mai naƙasa, to a kowane ciki akwai kasadar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. A duniya ana samun kimanin jariri 1 cikin 10,000. Tun 1891 likitocin Turai suka bayyana alamunta, a 1995 masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar da ke jawo ta.

Mafi munin nau'inta kan bayyana kafin wata shida. Jariri ba ya riƙe wuya, ba ya zama, ƙafafu a baje kamar na kwaɗo, kuka ba ƙarfi, tsotso na gagararsa, numfashi da ciki yake yi. Amma dubi idonsa, tar yake, ya san uwarsa, yana mata murmushi, domin cutar ba ta taɓa hankali. In ba magani, akasarinsu ba sa kai shekara biyu.

To, 'yan'uwana ɗalibai, in an haifi irin wannan yaro a Dugu Tsoho ko Gebbe ko Sawashi, me za a kira shi? Kowa ya san amsar. A ƙasar Hausa yaron da ya langaɓe ya ƙi zama, ɗan ruwa akan ce da shi, wai aljanu sun musanya shi. Daga nan sai bokaye, sai hayaƙi, sai sayar da akuya, sai zargin uwar cewa ta yi wanka da almuru ko ta je bakin kogi da ciki. Har akan sami masu ba da shawarar a kai shi bakin ruwa a ajiye, wai ya koma wurin danginsa. Ban ce duk yaron da aka yi wa wannan ƙazafi SMA gare shi ba. Wasu wahalar haihuwa ce, wasu shawara, wasu sanƙarau. Amma dukkansu 'ya'yan Adam ne, abin da ya haɗa su shi ne rashin sani, wanda masu iya magana suka ce ya fi dare duhu.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ina amfanin sanin cutar da maganinta ya fi ƙarfinmu? Gaskiya ne, maganin farko, Spinraza, sai a 2016 aka amince da shi a Amurka, na biyu kuwa, Zolgensma, da ya fito a 2019 an sa masa kuɗi fiye da dala miliyan 2 allura guda. Masuncin Wara ko manomin albasa na Yawuri ba zai taɓa ganin wannan ba, ko da mun tuƙa keke har Makka. Amma ashe sai da allura sani ke da amfani? Uwar da ta san ciwon ɗanta ba za ta yarda a kira ta mai laifi ba. Za ta koyi yadda ake tallafe shi wajen ba da abinci don kada ya shaƙe, ta kuma garzaya asibiti da zarar tari ya kama shi, domin ciwon ƙirji ne ke yawan ɗauke su. Masu nau'i mai sauƙi kuwa suna girma, suna karatu, abin da suke bukata keken guragu ne da makaranta, ba kwanon bara ba. Gidan da aka binne yara biyu ko uku da alamu iri ɗaya, musamman in auren zumunci ne, ya kamata su san dalili, su nemi shawarar likita. Ai sikila ma da can ba a san kanta ba, amma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure.

Saboda haka in za a hau keke, a juya kansa. A tashi daga Yelwa a bi kasuwannin Shanga da Ngaski, inda hanya ta ƙare a ɗora keken a kwalekwale. A tafi da ɗaliban likitanci, a nemi izinin hakimai, a zauna da limamai da ungozomomi da wanzamai, waɗanda su ne ke fara ganin jariri. Kuɗin riguna a sayi kekunan guragu da shi. Mutanen gaɓar Kwara suna binmu bashi: sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, fiye da mutum 40,000 aka tasa daga gidajensu domin birane su sami lantarkin da muke karatu da shi.

Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa namu aikin ya fi na kowa. Cutar da ba ta da suna a bakin mutane, camfi ne ke raɗa mata. Ni na kawo nawa, shanyewar tsoka ta gado. Wanda ya fi ni iya magana ya gyara, malamanmu su tace, sa'an nan a sa shi cikin waƙa da wasan kwaikwayo da shirin rediyo, har ya kori kalmar ɗan ruwa daga bakin tsofaffi. In ba mu yi haka ba, to mu daina cika baki da kishin harshe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyayensu haƙuri, amin.