An Yanke Tumbin, Saura Kwanon

Duk lokacin da hoton wata da ta rame farat ɗaya ya fito a Instagram ko TikTok, hukuncin ɗakunan kwananmu ɗaya ne: “Ai tiyata ta yi, kuɗi ne kawai.” Wasu da hassada suke faɗa, wasu da raini, wai ta kasa kame bakinta ne ta je likita ya kame mata. Akwai kuma masu cewa da zarar sun kama aiki su ma sai an yi musu, su huta. A ganina ɓangarorin nan kuskure ɗaya suke yi: sun ɗauka a gadon tiyata maganar take ƙarewa, alhali a gaban kwano take farawa. Kuma a nan ne mu da muke zaune da mai tiyatar muke da hannu, ko mu taimaka ko mu ɓata.

Bari mu fara da abin da ake yi ɗin. A tiyatar rage tumbi, likita yana huda ciki a 'yan wurare, ya shiga da kyamara da ƙananan kayan aiki, ya yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi ya fitar da shi waje gaba ɗaya. Abin da ya rage siriri ne, kamar ayaba. Tumbin da a da yake ɗaukar lita guda ko fiye, yanzu da ƙyar zai ɗauki abin da ya cika ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Ɓangaren da aka cire kuwa shi ne yake samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, shi ya sa a watannin farko mutum kan wuni abinci bai ko faɗo masa a rai ba. Ba a mayar da abin da aka yanke. Wannan kaɗai ya isa a daina yi wa lamarin kallon kitso ko ƙunshi.

Ba kuma don 'yar teɓa ake yin ta ba. Likitoci suna duba ma'aunin BMI, wato a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau tsawonsa. Tsohuwar ƙa'idar 1991 ta ce sai ya kai 40, ko 35 idan akwai ciwo irin na suga ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko daga 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Ga mai tsawon mita 1.65, BMI 35 na nufin kilo 95, 40 kuma kilo 109. To, wadda take kilo 70 tana kukan wai sikat ɗinta ya matse ta, ba da ita ake ba. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda gwiwoyinsa suka gaji, numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, suga ya fara taɓa masa ido ko ƙoda.

Yanzu ga inda masu cewa “hanya mai sauƙi” ya kamata su tsaya su saurara. Makonni biyun farko ruwa-ruwa ne kawai: romo, madara, kunu tsararo, kurɓi-kurɓi. Sai a koma abin da aka markaɗa, sai mai laushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a fara taɓa abinci sosai. Ko a lokacin, loma uku ko huɗu an ƙoshi, kuma kowace loma sai an tauna ta ta zama kamar kunu. Loma guda ta wuce ƙa'ida, sai ciwon ƙirji ko amai. Ba a haɗa ci da sha: a bar ruwa kamar minti 30 bayan an ci, domin babu wurin duka biyun. Lemon kwalba mai gas kuwa an yi sallama da shi. Ku tuna yadda muke yi da tsakar rana bayan lakca, shinkafa da wake a hannun dama, lemo mai sanyi a hagu, minti biyar an share. Wannan rayuwar ce ake ce wa mutum ya bari har abada.

Tunda wurin kaɗan ne, dole a zaɓi wanda zai fara shiga. Jiki yana buƙatar aƙalla giram 60 na furotin a rana, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitsen. Kwanonmu kuma a juye yake: malmalar tuwo ce sarauniya, nama yanka ɗaya a gefe kamar ɗan rakiya. Mai tiyata sai ya fara da ɗan rakiyar, wato ƙwai, kifi, alale, awara, kindirmo, sannan ganye, tuwo in an samu wuri. Ga ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa, musamman B12, da na ƙarin jini, da na ƙashi, da gwajin jini lokaci-lokaci. Gashi kan zube tsakanin wata na uku da na shida. Wasu ƙwannafi ke addabarsu, wasu saurin ramar ya tara musu tsakuwa a matsarmama. Mace kuma ana ce mata ta jinkirta ɗaukar ciki shekara guda zuwa shekara da rabi, kuma kowa ya san yadda wannan maganar za ta kwashe da dangin miji.

Ana ramewa kam, babu musu. Galibi mutum kan sauke kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa cikin shekara guda zuwa wata 18, kuma da yawa sukan rage maganin suga da na hawan jini, wasu ma su daina. Sai dai bayan nan yunwa takan fara dawowa, tumbin ya ɗan saki. Abin da ya fi kayar da mutane ba tuwo ba ne, tuwo ai tumbin da kansa zai ƙi shi. Abin sha ne da abin lasa. Fura da nono da aka zabga wa suga, zoɓo, shayi mai kauri na mai shayin bakin get, cincin, biskit, duk suna wucewa sumul ba tare da an ji ƙoshi ba. Mutum zai iya kurɓar nauyinsa ya dawo da shi alhali bai taɓa cinye faranti guda ba.

A nan namu laifin yake shigowa. Mu mutane ne da muke auna ƙauna da yawan loma. Ka je gidan gwaggo ka ci kaɗan, za ka ji “ko girkin bai yi maka ba ne?” A ɗakin kwana mutum biyar kan kwano ɗaya, wanda ya tsame hannu da wuri sai a ce yana yanga, ko a ce “haba, ɗan ƙara mana, loma ɗaya me za ta yi?” Ga mai tiyata lomar nan ɗaya ita ce tsakaninsa da banɗaki. Da yawa ma ɓoye tiyatar suke yi saboda gorin da za a yi musu, sai su riƙa ci don kunya. Mu ne muka yi masa dariya yana da ƙiba, muka kira shi buhu, mu ne kuma da ya rame muka fara raɗe-raɗin ko wata cuta ce. Ga azumi: wanda ba ya iya shan kofi guda a tashi ɗaya, yaya zai rama ruwan awa 13 ko 14 a zafin nan namu? Magana ce tsakaninsa da likitansa da malaminsa, musamman a shekarar farko, ba ta 'yan ɗaki masu leƙen ko wane ne ke shan ruwa da rana ba.

Na san abin da wani zai ce: a makarantar da rabinmu gari da ƙuli ke riƙe mu zuwa ƙarshen wata, ina ruwanmu da tiyatar miliyoyi? Da gaskiyarsa, kaɗan ne cikinmu za su kusanci wannan gadon. Amma iyayenmu da yayyenmu suna zuwa, wasu a Legas ko Abuja, wasu Turkiyya, Indiya ko Masar, su dawo bayan 'yan kwanaki babu likitan da zai ci gaba da bibiyarsu, sai mu 'yan boko na gida da za a miƙa wa takardar asibiti a ce mu karanta. Mu ne kuma kasuwar masu shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp, wanda yawancinsa gudawa kawai yake sa mutum ya zubar da ruwan jikinsa, sikeli ya yi masa ƙarya kwana biyu. Idan cire kashi 80 cikin 100 na tumbi bai isa shi kaɗai ba sai an canza yadda ake ci, to ganyen shayi na sati biyu fa?

'Yan kwas ɗin abinci da gina jiki da ke cikinmu, wannan filinku ne. Takardun da ake ba masu tiyata cike suke da abincin Turai da ba a samu a kasuwar unguwa. Wani ya zauna ya auna mana furotin nawa ne a ƙullin alale guda, nawa ne a ludayin kindirmo, yankan awara nawa ne za su kai giram 20, ya rubuta da Hausa a takarda ɗaya da za a iya mannawa a bangon kicin. Ga masu neman taken furojet har yanzu, na ba ku wannan kyauta.