Kafin Mu Haɗa Ganɗoki Da Iliya, Mu Fara Karanta Su



A zaman ƙungiyarmu na ƙarshe a Ikara, an nuna mana bangon wani littafin zane da ake shirin fitarwa. Ga Ganɗoki, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Sarauniya Amina da Bayajidda, duk an ɗaura musu mayafi a wuya irin na Superman, za su ceci duniya. Muka tafa. Sai wani dattijo a cikinmu ya tambaya: wane ne ɗan Ganɗoki? Ɗakin ya yi tsit. Garba Gagare ne, kuma mu da muke kiran kanmu marubuta muka kasa amsawa.

Matsalarmu ke nan. Mun ga Avengers a waya, muna son namu, amma ba mu duba yadda masu abin suka gina shi ba. A 1940 aka fara tara jarumai wuri guda a mujallar All Star Comics, kuma kowannensu yana da labarinsa da ake bi tun kafin haɗuwar. Superman ya fito a 1938, Spider-Man a 1962, sai a 1976 kamfanonin DC da Marvel suka haɗa su a littafi ɗaya. Mai saye ya san halin kowanne, shi ya sa ya matsu ya ga yadda za su kwashe. Mu kuwa muna son tara jaruman da yaran Makarfi da Kudan ba su taɓa buɗe littattafansu ba. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

Wani zai ce ai haɗuwar ce za ta sa yara su san su. Da gaskiyarsa, idan wanda ya haɗa ɗin ya san su. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, mutum ne mai cika baki wanda ya yaƙi Turawa, ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya nufi gabas har ya shiga duniyar aljannu. Iliya na Ahmadu Ingawa gurgu ne tun yarinta, ya samu lafiya da ƙarfi, ya ƙarar da su wajen yi wa Sarki Waldima hidima. Ɗaya ya guje wa sabon mai mulki, ɗaya ya tsaya bayan mai mulki. In suka haɗu, gardamar da za ta ɓarke tsakaninsu ita ce labarin. Wanda bai karanta ba zai ba su takubba kawai, su sari dodo, a tashi.

Ba aro muke ƙi ba. Iliyan ma asalinsa Ilya Muromets ne na tatsuniyoyin Rasha, Waldima kuma Vladimir na birnin Kiev. Ingawa ya zauna ya sarrafa shi har Bahaushe ya ɗauke shi nasa. Mu kuma kayan Amurka muke jibga wa namu har su zama baƙi a gida.

Sannan akwai doka. Haƙƙin mallakar littafi a Najeriya yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Malam Zurƙe da aku na Magana Jari Ce suna da masu su. Duk wanda ya saka su a littafin sayarwa ba tare da izinin masu haƙƙi ba, ya jawo wa kansa magana, ya kuma zubar mana da mutunci, mu da kullum muke kukan ana yaɗa littattafanmu a WhatsApp ba izini.

Ga shawararmu. Gizo, Ƙoƙi, Botorami da Ɗan Auta na kowa ne, kakanninmu ma sun sha haɗa Gizo da Zaki da Kura a tatsuniya guda. Mu fara da su. Mai son jaruman littattafai ya nemi bugun NNPC, ya karanta, ya rubuta gajeren labari a kan jarumi ɗaya tak, ya kawo nan mu tantance. Idan jaruminka bai iya riƙe shafi goma shi kaɗai ba, ƙara masa abokai huɗu ba zai cece shi ba.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, ga fili nan a ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: ya fara gaya mana yadda Iliya ya ƙare.