Legas zuwa Minna: awa ɗaya a sama, yini guda a ƙasa

Tun da kamfanin Overland ya fara jigila tsakanin Minna da Legas a watan Afrilun 2025, 'yan Neja mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 ke ta tambaya: shin gida ya matso kusa?

A lissafin sama, e, ya matso. Tsakanin filin Murtala Muhammed da ke Ikeja da filin Minna da ke Maikunkele, wanda aka sa wa sunan Bola Ahmed Tinubu a Maris 2024, tazarar ba ta cika kilomita 500 ba. Awa ɗaya da 'yan mintoci ka sauka. A mota kuwa, ta Ibadan, Ogbomosho, Ilorin, Jebba, Mokwa da Bida, kusan kilomita 700 ne. Ka bar Legas da asuba, in Allah ya taimaka ka shiga Minna da dare.

Sai dai matafiyi daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida yake lissafi. Ɗauki mutumin Shango. Unguwarsa na kan hanyar Paiko da Suleja, filin jirgi kuma na can ɗaya gefen gari, hanyar Zungeru. Dole ya ratsa Tunga, Mobil da Bosso. A Legas ma ga cunkoso, ga zaman jira kafin tashi. Awa ɗayar nan ta koma huɗu ko biyar. Duk da haka akwai riba. Wanda aka buga wa waya cewa mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah, ya san bambancin isa da azahar da isa tsakar dare. Matsalar ita ce jirgi na da ranakunsa, ita ko jana'iza ba ta jiran kowa. In ba a dace ba, sai Abuja, sannan a kama hanyar Suleja, wasu awannin ke nan.

Babbar maganar ma ita ce abincinmu. Doyar Paiko, shinkafar Bida da shanun da ake saukewa a Oko-Oba ba sa hawa jirgi. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayu 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta katse hanya, manyan motoci suka yi cirko-cirko ɗauke da kaya. Jirgi na da hanyarsa a sama, amma ɗan kasuwar Mile 12 sai da ya ji a jikinsa.

Don haka shugabannin ƙungiyoyinmu na Kudu, in za su gana da hukumomi, su yi godiya kan jirgi, su roƙi a ƙara ranaku. Amma su fara da hanyar Jebba zuwa Mokwa da Bida, domin ta nan yawancinmu da dukiyarmu ke bi.